COREN, SBE ko CCNA: Wace Takarda Ya Kamata Injiniyan Gidan Rediyo da Talabijin Ya Fara Nema?

Injiniyan da ke aiki a gidan rediyo ko talabijin a Najeriya, ranar da ya tara 'yan kuɗinsa ya ce zai nemi takardar shaidar ƙwarewa, zai tarar abokan aikinsa sun rabu gida uku a kan shawarar da za su ba shi. Dattawan da suka yi aikin gwamnati za su ce rajistar COREN ce gaba da komai, domin ita doka ta sani. Wanda ya taɓa zuwa kwas a waje zai ce takardar SBE ta Amurka ce kaɗai aka tsara musamman domin wannan sana'a. Matasan da suka shigo aikin da kwamfuta a hammata kuwa za su ce duk wanda bai karanci sadarwar kwamfuta ya sami CCNA ba, ya kusa zama ɗan kallo a situdiyon da ya haɗa da hannunsa. Kowannensu yana da hujja, sai dai kowanne daga inda yake tsaye yake magana. Takardar shaida tamkar wasiƙa ce, amfaninta yana ga wanda zai buɗe ta ya karanta, kuma waɗannan takardu ba mutum ɗaya aka rubuta wa su ba. Saboda haka kafin a biya ko sisi, ya kamata mutum ya san wanda zai karanta takardar tasa, ya kuma san ɓangaren tashar da aikinsa ya fi ƙarfi, situdiyo ne ko ɗakin tiransimita.

COREN ita ce hukumar da ke tsara aikin injiniya a Najeriya. An kafa ta da dokar soja mai lamba 55 ta 1970, aka faɗaɗa ikonta a 1992, sannan aka sake yi wa dokar gyaran da ake kira na 2018. Tana yi wa mutane rajista a sahu huɗu, wato injiniya, da masanin fasaha da ake kira teknolojis, da teknishan, da mai sana'ar hannu, kuma karatun da mutum ya yi shi ne yake nuna masa sahunsa. Mai digiri daga sashen jami'ar da hukumar ta amince da shi yana neman sahun injiniya bayan ya yi shekara huɗu yana aiki, mai babbar difloma yana shiga sahun teknolojis, mai ƙaramar difloma kuma sahun teknishan. Yawancin masu digiri suna biyowa ne ta ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, wadda wasu matasan Najeriya suka kafa a Landan a 1958. A can ake gabatar da rahoton ayyukan da aka yi, a zauna gaban manya su yi wa mutum tambayoyi, kafin ya wuce ga rajista.

Abin da wannan rajista take bayarwa babu wata takardar waje da za ta bayar. Ita ce take halatta wa mutum laƙabin Injiniya a gaban sunansa, ita ce take ba shi hatimin da zai buga a kan zane ko rahoton aiki, kuma a ma'aikatun gwamnati tana shiga maganar ƙarin girma a sahun injiniyoyi. Wanda yake aiki a NTA, ko Rediyon Tarayya, ko Muryar Najeriya, ko gidan rediyon jiha, ranar da aka zo cike gurbin shugaban sashen injiniya, wanda zai duba fayil ɗinsa jami'in gudanarwa ne da ya san COREN, mai yiwuwa kuma bai taɓa jin sunan SBE ba. Haka abin yake ga wanda yake son ya buɗe kamfaninsa ya riƙa neman kwangilar kafa tashoshi.

Amma a san iyakarta. COREN tana yi wa mutum rajista ne a fannin da ya karanta, kamar lantarki ko sadarwa, kuma hatiminta bai ce komai ba a kan ko mai shi zai iya gano dalilin da ƙarfin tiransimita yake dawowa daga eriya maimakon ya fita sararin samaniya. Ana iya samun injiniya mai rajista da bai taɓa buɗe tiransimita ba, ana kuma iya samun teknishan mai ƙaramar difloma da ya shekara ashirin yana tayar da tasha cikin dare bayan aradu ta faɗa wa turken da ke ɗauke da eriya. Wannan shi ne zafin da masu difloma suke ji, domin su ne ƙashin bayan ɗakunan injiniya a yawancin tashoshinmu, amma sahun farko a rufe yake gare su sai sun koma makaranta sun yi ƙarin karatun da hukumar ta yarda da shi. A ganina, mai babbar difloma da ya ƙi yin rajistar teknolojis domin yana ganin ta yi masa kaɗan, kansa ya cuta. Gara ya riƙe wadda ta samu yana neman ta gaba.

Ita kuwa SBE, ƙungiyar injiniyoyin watsa shirye-shirye ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1964, hedikwatarta tana birnin Indianapolis. Ta fara shirin ba da takardun shaida a 1975, kuma darajar shirin ta ƙaru ne saboda wani sauyi da ya faru a can. A da, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ita ce take jarraba masu kula da tiransimita ta ba su lasisi, mafi girmansa shi ne na aji ɗaya. A farkon shekarun 1980 ta daina ba da wannan lasisi, daga baya ma, a 1995, ta yarda tasha ta yi aiki ba tare da ma'aikaci yana zaune yana gadin na'ura ba. Da gwamnati ta janye hannunta daga tantance ƙwarewa, sai masu tashoshi suka rasa ma'aunin da za su gwada mai neman aiki da shi, takardar SBE ta shiga wannan gurbi. Ke nan ko a gidansu ba lasisin doka ba ce, shaida ce ta 'yan sana'a ga ɗan'uwansu, kuma wannan bambanci tsakaninta da COREN shi ne mabuɗin fahimtar sauran maganar.

Tsarinta tsani ne da ake hawa da shekarun aiki. A ƙasa akwai CBT, takardar matakin farko, wadda sabon shiga zai iya zana jarrabawarta, da CBNT ta fannin sadarwar kwamfuta a tasha. Wanda ya shekara biyar a bakin aiki yana iya neman CBRE idan ɗan rediyo ne, ko CBTE idan ɗan talabijin ne, akwai kuma ta sauti da ta hoto da ta sadarwa a wannan mataki, kuma karatun gaba da sakandare yana iya cike wani ɓangare na shekarun. Mai shekara goma yana neman matakin manya, CSRE ko CSTE, inda ake ƙara masa tambayar da zai amsa a rubuce da bayani mai tsawo. A ƙololuwa akwai CPBE ta mai shekara ashirin, wadda ba jarrabawa ake yi mata ba, tarihin aikin mutum ake dubawa tare da wasiƙun shaida daga waɗanda suka san aikinsa. Jarrabawar matakan ƙasa tambayoyi hamsin ne na zaɓi cikin awa uku, kuma an yarda a shiga da littattafai. Kada wannan ya ruɗi kowa, domin kowace tambaya ba ta sami minti huɗu ba, wanda bai san abin ba kafin ya shiga, lokacinsa zai ƙare yana buɗe shafuka. Ana zana ta ne a rassan ƙungiyar a lokutan da aka keɓe, da kuma wurin babban baje kolin NAB, ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta Amurka, a Las Vegas, don haka wanda yake Kano ko Sakkwato sai ya fara daidaitawa da ƙungiyar a kan wanda zai sa masa ido kafin ya biya kuɗin komai.

Babu wata takarda cikin waɗanda muke magana a kansu da ta kai ta SBE kusanci da ainihin aikin da injiniyan tasha yake yi. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wani ɓangare na abin da ake tambaya ilimi ne da bai san iyakar ƙasa ba: lissafin desibel, da yadda ake auna ƙarfin da ke dawowa daga eriya, da kaucewar kilohaz 75 da ake ƙayyade wa siginar FM, da sautin kilohaz 19 da ke sanar da rediyo cewa shirin sitiriyo ne, da yadda ake kare kai daga wuta mai ƙarfi. Wannan duk ɗaya ne a Ohio da Jaji. Wani ɓangaren kuma na Amurka ne zalla. Za a tambayi mutum dokokin FCC, da tsarin gargaɗin gaggawa da doka ta wajabta wa tashoshinsu, waɗanda ba su da wani aiki a nan, inda NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin da aka kafa a 1992, take da nata kundin ƙa'idoji mai babi na musamman a kan fasaha.

Bambancin bai tsaya a doka ba, ya shiga cikin na'urar kanta. A tsarin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, Afirka da Turai suna yanki na ɗaya, Amurka tana yanki na biyu. A matsakaicin zango su suna raba tashoshi da tazarar kilohaz 10, mu da 9, shi ya sa kilohaz 594 da aka san Rediyon Kaduna da shi yake rabuwa da tara ba saura. A FM, ƙarin ƙarfin da ake yi wa siraran sautuka kafin a watsa su, domin a rage shuwar da mai sauraro yake ji, su sun tsayar da shi a mikrosakan 75, mu a 50. Wanda ya sayo na'ura daga Amurka ya kunna ta yadda ta zo, sautin tasharsa zai fito da kaifin da ya wuce kima, yana ta zargin makirfo alhali laifin yana cikin saiti ɗaya. A talabijin faɗin tasharsu megahaz 6 ne, tamu a zangon UHF megahaz 8, wutarsu haz 60 tamu 50, hotonsu ya kusa firam 30 a daƙiƙa namu 25. Tsarin dijital ɗinsu ATSC ne, namu DVB-T2. Don haka takardun ƙwarewa na musamman da SBE take bayarwa a kan 8-VSB ko ATSC 3.0, wato fasahohin tsarin dijital na Amurka, duk da nauyinsu a can, ɗan Najeriya da ba ya shirin ƙaura bai da dalilin kashe dala a kansu.

Hukuncina a kan SBE shi ne, karatunta ya fi takardarta amfani ga wanda yake zaune a gida. Jerin batutuwan da take jarrabawa a kansu taswira ce mai kyau ta abin da ya kamata injiniyan tasha ya sani, mutum yana iya binsa ya cike giɓin da makaranta ta bar masa ko da bai taɓa zana jarrabawar ba. Ita takardar tana yin tasiri ne idan mai karanta ta baƙo ne: kamfanin waje da ke neman wakilin da zai kula da na'urorinsa a Afirka ta Yamma, ko kafar watsa labarai ta duniya da ke da tashoshin da suke karɓar shirye-shiryenta, ko mai ɗaukar aiki a Amurka da Kanada. Idan kuma dole sai an zaɓi ɗaya daga cikinsu a nan gida, ta fannin sadarwa, CBNT ko babbar yayarta CBNE, ita ce ta fi jure tafiya, domin adireshin IP ɗaya yake a ko'ina.

Wannan ya kawo mu ga maganar matasan nan, wadda na fi ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Abubuwa biyu ne suka sauya aikin injiniyan tasha a shekarun nan. Na farko shi ne komawa dijital. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin kashe talabijin na analog a zangon UHF a yankinmu. Najeriya ba ta cika wa'adin ba, amma ta ƙaddamar da gwajin farko a Jos a watan Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, daga baya Kaduna da Kano da wasu biranen suka shiga. A tsarin da aka ɗauka, an raba mai shirya shiri da mai watsa shi: kamfanonin rarraba sigina, ITS da ya fito daga cikin NTA da kuma Pinnacle, su ne suke riƙe da tiransimita, gidan talabijin kuma ya aika musu da shirinsa. Duk inda wannan tsari ya kankama, injiniyan gidan talabijin zai wayi gari aikinsa ya koma situdiyo, da kwamfutocin da ke fitar da shiri, da layin da yake kai siginar ga mai rarrabawa.

Na biyu shi ne yadda kebul ɗin sadarwar kwamfuta yake cinye sauran wayoyi. A da, kowane sauti da wayarsa, kowace kyamara da kebul ɗinta na SDI, injiniya yana iya bin waya da hannu daga makirfo har teburin haɗa sauti ya gano inda ta tsinke. A 2013 aka fitar da ƙa'idar AES67 ta tura sauti ta hanyar IP, wato ƙa'idar da kwamfutoci suke aika wa juna bayanai da ita, a 2017 kuma SMPTE, ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin, ta fara fitar da ƙa'idar ST 2110, wadda take raba hoto da sauti da sauran bayanai kowanne ya bi hanyarsa a cikin sadarwa ɗaya, agogo guda mai suna PTP yana haɗa kansu domin kada baki ya riga murya. Gaskiya ne yawancin tashoshin Arewa ba su kai ga ST 2110 ba, kuma ba lallai su kai nan kusa ba saboda tsadarsa. Amma ko ƙaramar tashar FM a yau, kwamfuta ce take fitar da waƙa da talla, ta intanet wakili yake aiko da rahoto daga ƙauye, ana watsa shiri kai tsaye a Facebook da YouTube, sau da yawa layin da ke tsakanin situdiyo da turke ma na IP ne, kuma sabuwar tiransimita tana da shafin da ake shiga daga waya a ga zafinta da ƙarfinta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, mita da ƙarfen narka dalma ba za su yi magani ba.

A nan takardu uku ne suke gogayya, ban da CBNT da aka ambata. CCNA ta kamfanin Cisco ita ce ta fi suna, jarrabawa ɗaya ce tun daga 2020, kuɗinta ya kai kimanin dala 300, ana zana ta a cibiyoyin da ke cikin Najeriya, kuma jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama suna koyar da manhajarta. Tana koyar da rabon adireshi, da yadda ake keɓe wani sashe na sadarwa daga wani, da saita suwic da rauta, kuma babbar fa'idarta ita ce banki da kamfanin waya duk sun san ta, wanda ya riƙe ta yana da ƙofar fita idan albashin tasha ya gagara. Network+ ta CompTIA ta fi ta sauƙi, ba ta jingina da na'urar kamfani ɗaya ba, ta dace da dattijon injiniya da yake son ya fahimci harshen yaransa ba tare da ya zama mai saita rauta ba. Sai horon Dante na kamfanin Audinate na Ostareliya, mai mataki uku, wanda ake yi ta intanet kyauta, kuma shi kai tsaye yake shiga maganar sauti a kan sadarwa.

Akwai wani abu da masu yabon CCNA ba su cika faɗa ba. An tsara ta ne domin sadarwar ofis, inda idan saƙo ya makara da rabin daƙiƙa babu wanda zai lura. A situdiyo, fakitin sauti yakan fita duk bayan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma jinkiri kaɗan ya isa a ji ƙas-ƙas a iska. Abubuwan da suka fi damun injiniyan tasha, wato aika sigina ɗaya ga masu karɓa da yawa a lokaci guda, da hana ta malala zuwa inda ba a nema ba, da fifita fakitin agogo a kan sauran, CCNA ta ɗan taɓa wasunsu ne kawai ta wuce. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya gama ta ya sami harsashi mai ƙarfi, amma sai ya ɗora horon Dante, ko darussan SMPTE a kan ST 2110, kafin ya ce ya iya sadarwar tasha. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, ni zan juya tsarin: a fara da Dante mataki na ɗaya da na biyu tunda data kawai za su ci, a gwada abin da aka koya a kan suwic ɗin da ke situdiyo, idan an ga zuciya ta karkata can sai a tara kuɗin CCNA.

Mutumin ɗakin tiransimita lissafinsa daban ne, kuma shi ne duk waɗannan takardu suka fi yi wa rowa. Abokan gabarsa ƙurar hunturu ce da take toshe matatar iska har na'ura ta yi zafi ta rage ƙarfinta, da zafin bazara idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, da aradun damina da take bin turke ta sauko idan wayar da aka binne a ƙasa ta ruɓe, da wutar da take hawa tana sauka lokacin da ake sauyawa zuwa janareto. Mafi amfanin horo gare shi shi ne na kamfanin da ya ƙera na'urar da yake kwana da ita, ko Nautel na Kanada ne, ko GatesAir na Amurka, ko Rohde & Schwarz na Jamus, ko Elenos da RVR na Italiya waɗanda ƙananan tashoshin FM suka saba da su. A nan ne ake koyon ma'anar kowane gargaɗi da na'ura take nunawa, da yadda ake zare ɓangaren da ya ƙone a sa wani ba tare da tasha ta ɗauke ba. Raunin wannan horo shi ne takardarsa ta na'ura ɗaya ce, ranar da aka sauya kamfani darajarta ta ragu. Hanyar samunsa mafi sauƙi kuma ita ce shugaban sashe ya tsaya a rubuta horon a cikin yarjejeniyar sayen na'ura tun farko, a kuma rubuta cewa wanda zai yi aiki da ita shi za a tura. Kowa a sana'ar ya san yadda tafiyar horo a waje takan koma hannun wanda ba zai taɓa riƙe sukundireba ba.

Makarantun gida ma suna da gurbinsu. Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, wadda aka kafa a 1980, tana da sashen injiniya, Rediyon Tarayya yana da makarantar horo a Legas, cibiyar horo ta DBI, mallakar hukumar sadarwa ta ƙasa NCC, kuma tana da reshe a Kano inda ake gajerun kwasa-kwasai a fannin sadarwa. Da naira ake biya, ma'aikatun gwamnati sun san takardunsu, kuma malaman sun san irin wutar da muke fama da ita. Akwai kuma hanyar Ingila, inda ake bi ta IET, cibiyar injiniyoyi ta Birtaniya, a sami rajista a ɗaya daga cikin matakan EngTech ko IEng ko CEng. Ita ma kamar COREN take, ba ta keɓanta da watsa shirye-shirye ba, bayanin ayyuka da tattaunawa ake yi maimakon jarrabawa, ana kuma biyan kuɗinta da fam duk shekara. Ta dace da mai niyyar aiki a Birtaniya ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ga wanda ba shi da wannan niyya kuwa nauyi ne kawai.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi lokacin zaɓi shi ne kowace takarda tana da ciyarwa bayan an same ta. Ta SBE shekara biyar take yi, sannan a sabunta ta ko dai da sake jarrabawa, ko da nuna makin da aka tara ta hanyar halartar kwasa-kwasai da tarukan ƙungiya, da koyarwa, da rubutu a kan sana'ar. CCNA da Network+ shekara uku suke yi, kuma wanda ya bar CCNA ta mutu sai ya sake biya ya sake zama daga farko. COREN tana da lasisin aiki da ake sabuntawa duk shekara, tana kuma neman shaidar cewa mutum yana ƙaro ilimi. IET tana so mambanta ya yi aƙalla awa 30 na ƙarin ilimi a shekara ya kuma rubuta su. Wanda ya tara huɗu a lokaci guda ya ɗaura wa kansa biyan naira da dala da fam, kowanne da ranarsa, a kan albashin da bai san canjin kuɗi ba. Takarda biyu masu rai sun fi biyar da uku daga ciki suka mutu, domin mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi kwanan watan zai fara dubawa. A kuma bambance tsakanin takardar da aka ci jarrabawa aka samu da takardar halarta da ake rabawa a ƙarshen taron bita na kwana biyu. Ta biyun tana da amfani wajen tara makin sabuntawa, amma ba ta shaidar an iya komai.

Idan aka ɗora waɗannan a kan mutane na zahiri, zaɓin yana fitowa da kansa. Mai digiri da yake aikin gwamnati, ko yake hangen kujerar shugaban sashe, ya fara da COREN da zarar shekarunsa sun cika, ya bi ta da ilimin sadarwa, SBE ta jira. Matashin da ya gama babbar difloma a Kaduna ko Kazaure ya sami aiki a tashar FM mai zaman kanta, inda mai tashar ba ya tambayar hatimi, abin da yake tambaya shi ne me ya sa shirin bai hau intanet ba, shi Dante da CCNA ne za su fara sauya masa albashi, rajistar teknolojis ta biyo baya ba tare da an yi sakaci da ita ba. Wanda rayuwarsa take gindin turke ya nace a kan horon kamfani, ya karanta manhajar CBRE domin kansa, idan kuma ɗan talabijin ne ya mai da hankali ga DVB-T2, domin mai yiwuwa kamfanin rarraba sigina ne zai zama uban gidansa na gaba. Mai shirin fita waje shi kaɗai ne zan ce ya sa SBE ko IET a gaba, gwargwadon ƙasar da ya nufa.

Akwai abu ɗaya da duk waɗannan hanyoyi suke nema, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Rahoton da NSE da COREN suke karɓa, da shekarun aikin da SBE take ƙirgawa, da bayanin da IET take tambaya, duk daga tarihin aikin mutum ake ciro su, kuma injiniyoyinmu da yawa sukan zo ranar cike fom su tarar ba su da komai a rubuce sai abin da suka iya tunawa. Littafin da ake buƙata ba na tasha ba ne wanda ake rubuta karatun mita a ciki kowace awa, na mutum ne shi kaɗai. A ciki zai rubuta ranar da abu ya faru, da sunan na'urar da lambarta, da alamar da ta nuna, da abin da ya auna da adadin da ya samu, da abin da ya yi zato da farko ko da ya zama kuskure, da abin da ya gyara matsalar, da tsawon lokacin da tasha ta yi a kashe. Idan ya halarci horo, ko da na awa ɗaya ne ta intanet, ya rubuta ranar da wanda ya shirya da abin da aka koyar, ya ajiye takardar halartar a fayil ɗaya. Duk bayan wata uku ya kai wa shugaban sashensa ya sa hannu a ƙasan shafin, tun shugaban yana nan bai yi ritaya ko an yi masa canjin wurin aiki ba.